Amfilifayar jita a ɗakin haya: Abin da mai koyo a Kafanchan da kewaye ya kamata ya sani kafin ya saya

A garuruwan kudancin jihar Kaduna, kama daga Kafanchan da Kagoro zuwa Zonkwa, Kwoi, Manchok da Kachiya, jita mai aiki da lantarki ta daɗe da samun gurbi. Ana jin ta a majami'un ECWA, Katolika, Angilikan da Baptis, ana jin ta a wuraren biki, ana kuma ganin ta rataye a kafaɗar ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya da na reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan. Sai dai da yawa daga cikin masu koyo a kan kayan ƙungiya suke koya, kayan da ake kullewa a ɗakin ajiya da zarar an tashi daga gwaji. Sa'o'i biyu ko uku a mako ba sa horar da yatsu. Saboda haka duk wanda ya ɗauki abin da gaske, wata rana sai ya nemi tasa jitar, sannan ya nemi akwatin da zai fitar da muryarta, wato amfilifaya.

A nan ne kuɗi ke yawan salwanta. Mai saye yakan shiga shago da hoton manyan akwatunan da ya saba gani a kan dandamali, mai shago kuma ya nuna masa wadda aka rubuta wa wat 50 ko 100, ya murɗa masa sauti har gilashin taga ya girgiza. Sai an kai kaya gida a tuna cewa bango ɗaya ne tsakanin ɗakin da na mai jego, ko na ma'aikaciyar jinya da ta kwana a bakin aiki, kuma rufin kwano ɗaya ne ya lulluɓe ɗakunan gidan duka. Kafanchan gari ne da hanyar jirgin ƙasa ta tara wa jama'a tun shekarun 1920: Fantswam, Kaninkon, Bajju, Atyap, Hausawa, Fulani, Ibo da Yarabawa, Kirista da Musulmi, sau da yawa a tsakar gida guda. Lokacin da wani ya samu sararin atisaye kan zo daidai da lokacin sallar wani ko barcin wani. Tun bayan da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 kuwa, farashin kayan kiɗan da ake shigowa da su daga waje ya tashi, ta yadda kuskuren saye ɗaya kan cinye tarin watanni.

Aikin da akwatin ke yi

Jitar lantarki ita kaɗai kusan bebiya ce. A ƙarƙashin tsirkiyoyinta akwai ƙananan maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla. Idan tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a kansu sai su haifar da ɗan lantarki mai rauni, wanda galibi bai kai bolt ɗaya ba. Sashen farko na amfilifaya yana karɓar wannan ɗan lantarki ya ɗaga shi, ya kuma ba shi launi. Sashe na biyu yana ƙara masa ƙarfin da zai iya motsa sifika, sannan sifikar ta mayar da shi sauti. Abin lura shi ne, ba a ƙera amfilifayar jita don ta maimaita sauti yadda ya shigo ba, kamar yadda ake so ta rediyo ta yi. Tana sauya shi ne da gangan. Sifikar jita tana danne sautukan da suka haura kimanin hartz 5,000, kuma wannan dannewa ce ke goge tsinin sauti har ya yi daɗin ji. Shi ya sa wanda ya cusa jitarsa kai tsaye a sifikar waƙoƙi ta falo yakan ji sauti siriri marar jiki, idan ya ƙara masa kaushi kuma ya koma tamkar ƙudan zuma a cikin gwangwani.

Wat ba ma'aunin ƙara ba ne

Lambar da ta fi ruɗar masu saye ita ce wat. Wat yana auna ƙarfin lantarkin da amfilifaya ke iya turawa zuwa sifika, ƙarar da kunne ke ji kuwa da desibel ake auna ta, kuma tafiyar biyun ba ɗaya ba ce. Idan aka ninka wat sau biyu, desibel 3 kacal ake ƙarawa. Sai an ninka shi sau 10 kafin a samu ƙarin desibel 10, wanda shi ne abin da mafi yawan mutane ke ji a matsayin ninkin ƙara. Ma'ana, idan sifikarsu iri ɗaya ce, mai wat 50 ta fi mai wat 5 ƙara kimanin sau biyu ne kawai. In an juya lissafin sai a ga inda matsalar ɗaki take: mai wat 5 ɗin nan da ake rainawa, rabin ƙarar babbar take bayarwa, kuma wannan rabin ya fi ƙarfin kowane ɗakin kwana.

Dalili kuwa shi ne sifikar jita ba ta da cin lantarki. Sifika mai faɗin inci 12, irin wadda ake sakawa a manyan akwatuna, tana fitar da desibel 95 zuwa 100 da wat ɗaya tak, idan aka auna daga nisan mita ɗaya. Hira tsakanin mutum biyu tana kusan desibel 60. A ɗauki sifika mai desibel 97 a matsayin misali: kashi 1 cikin 100 na wat ɗaya ya ishe ta fitar da desibel 77, wanda ya riga ya zarce ƙarar da iyali ke kallon talabijin da ita. Wanda ya sayi mai wat 100 don ɗaki ya biya kuɗin ƙarfin da ba zai taɓa amfani da ko ɗigonsa ba.

Don haka abin da ya kamata a gwada a shago shi ne yadda sautin yake idan an rage shi ƙasa sosai. Wasu manyan akwatuna, daga shiru sai tsawa, duk a tsakanin sifiri da ɗaya na maɓallin murɗawa, ba su da tsaka-tsaki. Wadda ta dace da gida tana da maɓalli biyu daban: ɗaya na kaushi da launin sauti, wanda akan rubuta wa GAIN, ɗaya kuma na ƙarar da ke fita, wanda akan rubuta wa MASTER ko VOLUME. Wasu kamfanoni sun ƙara da maɓallin rage ƙarfi gaba ɗaya. Boss Katana-50, jerin da aka fara sayarwa a 2016, ana iya sa ta a wat 50, ko 25, ko rabin wat. Ko da rabin wat ɗin ma, tunda sifikarta inci 12 ce, sai an sassauta mata da dare.

Akwai kuma doka a kan lamarin, ko da yake ba kowa ya san da ita ba. Dokokin ƙayyade hayaniya na 2009, waɗanda hukumar kare muhalli ta tarayya NESREA ke kula da su, sun sanya iyakar desibel 55 da rana da 45 da dare a unguwannin da gidajen zama suka cakuɗa da shaguna, kuma dare a wurinsu yana farawa daga ƙarfe 10 zuwa 6 na safe. A jihar Kaduna hukumar KEPA ce ke sa ido kan al'amuran muhalli. A zahiri dai, kafin magana ta kai gaban hukuma, takan tsaya a wurin mai gida ko mai unguwa, kuma ɗan haya ne yakan yi asara. Inda aka ajiye akwatin ma yana da tasiri. Sauti mai kauri shi ya fi ratsa bango da daɓe, saboda haka ɗora amfilifaya a kan kujera, a juya fuskarta zuwa kunnen makaɗi, a nisanta ta daga bangon maƙwabci, a kuma rage maɓallin BASS, duk suna sa makaɗi ya ji kansa sosai alhali abin da ke tsallakawa waje ya ragu.

Mai kwalba, mai taransista, da ta dijital

Mafi tsufa ita ce mai kwalaben gilashi masu ɗaukar zafi, irin na rediyon da. Manyan makaɗa na yabon sautinta, kuma yabon yana da tushe: idan aka matsa mata, kaushinta yakan zo da laushi, yana kuma bin nauyin hannun makaɗi. Ƙaramar Fender Champ, wadda aka fara ƙerawa a 1948 da ƙarfin kusan wat 5, an naɗi fitattun fayafayai da ita, ciki har da aikin Eric Clapton na 1970. Amma a situdiyo aka yi hakan, inda aka buɗe mata murya yadda take so. Daɗin irin wannan amfilifaya ba ya fitowa sosai sai an ɗaga ta, kuma an riga an ga abin da wat 5 ke nufi a ɗaki. Tana da nauyi, tana da tsada, tana jan wuta ko ba a kaɗa komai, kwalabenta suna tsufa, samun sababbi kuma sai an aika Legas ko ƙasar waje. Ba a kunna ta ba tare da sifika a haɗe ba, domin hakan na iya ƙona taransifomarta, wanda shi ya sa yawancinsu ba su da ramin na'urar sauraro ta kunne. Ga ɗan haya a Kafanchan, wannan ita ce ta ƙarshe da zai duba.

Mai taransista ta fi juriya da araha, kuma sautinta ba ya sauyawa sosai ko an rage ta. Ga salon kiɗan da ya fi yawa a majami'u da bukukuwan yankin, inda ake son tsirkiya ta fito garau irin ta hailaif da makosa, wannan ba ƙaramar fa'ida ba ce. Roland JC-120, wadda ta fito a 1975, ta yi suna a duniya saboda tsabtar sautinta, kuma babu kwalba ko ɗaya a cikinta. Wata fa'idar ita ce mai gyaran rediyo da ya ƙware zai iya buɗe irin wannan akwati ya gano abin da ya ƙone. Rauninta yana ga masu arha sosai, waɗanda akan haɗa da jitar koyo a kwali ɗaya: kaushinsu ba shi da daɗi, ramin kunnensu kuma yakan fitar da sauti mai tsini.

Ta dijital tana ɗauke da 'yar kwamfuta da ke kwaikwayon muryoyin amfilifaya iri-iri, tare da amsa-kuwwa da sauran ƙawa. Hanyar ta bazu ne bayan fitowar Line 6 POD a 1998, kuma a yau yawancin akwatunan atisaye wannan iri ne: Fender Mustang LT25 mai wat 25 da sifika inci 8, Yamaha THR da aka fara a 2011 don ajiyewa a kan tebur, Positive Grid Spark, da Katana da aka ambata. Tunda lissafi ne ke samar da launin sautin, ana samun sa cikakke ko da an rage ƙara zuwa raɗa. Wannan ne ya sa ta fi dacewa da buƙatar da ake magana a kai. Sai dai idan allonta ya mutu, da wuya a gyara shi a gari, wasu kuma ba a iya sarrafa rabin abin da ke cikinsu sai da manhajar wayar salula. Akwai wani haɗari na daban da malaman kiɗa suka sani: mai koyo ya shafe sa'a guda yana zaɓen murya cikin ɗaruruwa, bai kaɗa ko layi ɗaya ba.

Wutar lantarki

Duk bayanin da kamfanoni ke rubutawa a kwali ya ɗauka cewa wuta tana nan kuma tsayayya ce. Mai saye a kudancin Kaduna dole ya ƙara nasa tambayoyin. Wutar Najeriya bolt 230 ce, mai juyi 50 a daƙiƙa. Ta Amurka bolt 120 ce, ta Japan kuma 100. Kayan hannu da ake shigowa da su daga waɗannan ƙasashe sukan zo da alamar 120V ko 100V a bayansu, kuma cusa su a soket kai tsaye na ƙona su nan take. Abin da ake so a gani a rubuce shi ne 220 zuwa 240V, ko kuma 100 zuwa 240V, wadda ke karɓar kowace wuta. Idan ta bolt 120 ce, sai an haɗa ta da taransifoma mai rage wuta, kuma ranar da wani ɗan'uwa ya ara ya manta da taransifomar, ranar ce ƙarshenta. Na'urar daidaita wuta da soket mai kariya daga tashin wuta suna cikin kuɗin amfilifaya, ya kamata a lissafa su tun farko. Da damina kuwa, wadda ke da tsawo da yawan tsawa a wannan yanki, kashe maɓalli bai isa ba, a zare fulogin daga bango.

Batun wayar ƙasa ya fi wannan nauyi, domin ya shafi rai. Tsirkiyoyin jitar lantarki a haɗe suke da jikin amfilifaya ta cikin kebul. Idan wata waya ta lalace a ciki, kuma soket ɗin ba shi da wayar ƙasa da za ta kwashe wutar, to ta hannun makaɗi za ta bi. Keith Relf, tsohon mawaƙin ƙungiyar Yardbirds ta Ingila, ya rasu a 1976 a cikin gidansa, lokacin da wuta ta ja shi yana kaɗa jita da kayan da ba a haɗa musu wayar ƙasa yadda ya kamata ba. A gidajen haya da dama, ramin soket na uku ado ne kawai, babu waya a bayansa. Ɗabi'ar karya ƙafa ta uku ta fulogi, ko tura tsirarun wayoyi a soket da tsinken ashana, ba ta da gurbi a inda mutum zai riƙe ƙarfe da hannu biyu, wataƙila ƙafarsa ba takalmi a kan siminti. Duk wanda ya ji ɗan tsikari a yatsunsa ko a leɓensa idan ya kusanci makirufo, ya ajiye kayan ya kira mai aikin wuta.

Rashin wayar ƙasa kuma yana ƙara gunjin nan da ake ji a sifika ko ba a taɓa tsirkiya ba. Jita mai maganaɗisu masu naɗi ɗaya, irin ta ƙirar Stratocaster, ta fi kwasar wannan gunji. Mai naɗi biyu, wadda Gibson ya fara sakawa a jitocinsa a 1957, an ƙirƙiro ta ne don kashe shi. Ƙaramin janareta da inbata mai arha, wadda wutarta ba ta fita a miƙe kamar ta gidan wuta, suna ƙara tsananta abin. Wanda ke da sola ya tabbatar inbatarsa mai fitar da tsabtatacciyar wuta ce kafin ya ɗora wa amfilifaya laifi.

Duk wannan ne ya sa amfilifaya mai batir ta fi ƙima a nan fiye da ƙasashen da aka ƙera ta. Roland Micro Cube, wadda ta fito a 2004, da Blackstar Fly 3 mai wat 3, da Katana Mini, duk suna aiki da ƙananan batura shida, kuma ana iya sa musu masu caji. Wadda ke kan batir ba ta da alaƙa da soket, saboda haka babu jan wuta, babu ƙonewa, gunji kuma ya ragu ƙwarai. Makaɗan jita na Agadas a Jamhuriyar Nijar, ƙasar da ta fitar da Bombino da Mdou Moctar, sun daɗe da sabawa da irin waɗannan ƙananan akwatuna a inda babu turakun wuta. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, tayar da janareta don atisayen sa'a guda ya zama abin da sai an yi lissafi, ban da cewa ƙarar janaretan kanta ta rushe maganar shiru.

Akwai ma waɗanda ba su da sifika sam. Tunanin ya samo asali ne daga Rockman, wadda Tom Scholz ya fitar a 1982. Na yanzu, irin su Vox amPlug, NUX Mighty Plug da Fender Mustang Micro ta 2021, girmansu bai wuce kwalin ashana biyu ba. Ana cusa su a jikin jita, a haɗa hedifon, shi ke nan. Mustang Micro tana ɗaukar kimanin sa'o'i 4 a caji ɗaya, ana kuma cajin ta da irin abin da ake cajin waya. Ga ɗalibin da ke raba ɗaki da mutum uku, da wuya a samu abin da ya fi wannan.

Kunne

Hedifon yana kare maƙwabci, amma yana jefa mai shi cikin wani haɗarin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babba ya wuce sa'o'i 40 a mako yana sauraro a desibel 80, kuma ta yi gargaɗin cewa matasa sama da biliyan 1 na fuskantar barazanar raunin ji saboda sauraro da ƙara. A ma'aunin wuraren aiki, desibel 85 sa'o'i 8 ne, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin gida biyu: 88 sa'o'i 4, 91 sa'o'i 2, 100 kuwa minti 15 kacal. Ƙwayoyin ji da ke can cikin kunne ba sa sake tsirowa idan sun mutu. Alamar da ta fi sauƙin ganewa ita ce, idan aka cire hedifon aka ji kunne na ƙara ko ya toshe, an wuce iyaka. Hedifon mai rufe kunne gaba ɗaya ya fi 'yan ƙananan da ake cusawa, domin yana tare hayaniyar waje, ba sai an ɗaga sauti don a rinjaye ta ba. Kuma dole ya zama mai waya. Na Bluetooth yana jinkirta sauti da kusan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ko fiye, ta yadda yatsa zai taɓa tsirkiya sannan kunne ya ji daga baya. Bluetooth ɗin da ke jikin wasu amfilifaya na shigo da waƙar da za a bi ne daga waya, inda jinkiri ba ya cutarwa.

Naɗar sauti

Tsohuwar hanya ita ce a ajiye makirufo, irin Shure SM57, a bakin sifika. Tana da kyau a situdiyo. A gida kuwa makirufo ba ya zaɓe: zai ɗauki carar zakara, ƙarar babur, injin niƙa da ruwan sama a kan kwano, kuma yana buƙatar a ɗaga amfilifaya. Hanyar da ta dace da ɗaki ita ce wadda sauti ke tafiya ta cikin waya tun daga jita har kwamfuta, bai taɓa iska ba.

Mafi sauƙi shi ne amfilifaya mai ramin USB da ke aika sauti. A nan sai an yi tambaya da kyau, domin a wasu akwatunan ramin na caji ne ko na sabunta manhaja kawai. Katana-50, Mustang LT25, THR da Mustang Micro duk suna aika sauti zuwa kwamfuta. Abu na biyu da za a tabbatar shi ne cewa abin da ke fita ta ramin kunne ko na naɗi yana ɗauke da kwaikwayon sifika, wato dannewar nan ta sautuka masu tsini da aka bayyana a baya. In babu shi, abin da za a naɗa zai fito da ƙaiƙayi komai kyawun kiɗan.

Ɗaya hanyar ita ce a tsallake amfilifaya gaba ɗaya, a sayi akwatin shigar da sauti a kwamfuta, wanda masu situdiyo ke kira katin sauti, kamar Focusrite Scarlett Solo ko Behringer UMC22. Jita tana shiga ramin da aka rubuta wa INST ko HI-Z, wanda aka tsara don raunin lantarkinta, manhaja kuma ta yi aikin amfilifaya. Audacity da BandLab kyauta ne, GarageBand kuma yana zuwa da na'urorin Apple. Fa'idar wannan tsari ita ce akwatin ɗaya zai karɓi makirufon murya ma, kuma ana iya sauya launin jitar bayan an gama naɗi. Sharaɗinsa shi ne kwamfuta mai ɗan ƙarfi, domin jinkiri ya tsaya ƙasa da kimanin kashi 10 cikin 1,000 na daƙiƙa, wanda daidai yake da tsayawa mita uku da rabi daga sifika. A kwamfuta mai Windows sai an saka manhajar ASIO kafin a kai ga haka. Wanda kuma ba shi da kwamfuta, wasu daga cikin waɗannan na'urori suna aiki da wayar Android ta ɗan kebul ɗin OTG, amma ba kowace waya ke karɓa ba, saboda haka a gwada da wayar mutum kafin a biya. Idan gunji ya shiga naɗi, zare cajar kwamfuta a bar ta kan batirinta yakan kawar da shi. Kuskure ɗaya da ba a gyarawa shi ne haɗa ramin da aka rubuta wa SPEAKER OUT da katin sauti ko kwamfuta. Ƙarfin da ke fita ta nan na motsa sifika ne, zai ƙona su.

Ranar saye

Zaɓi a cikin garin Kafanchan ba shi da yawa, saboda haka masu saye kan nufi Jos, Kaduna ko Abuja, ko su aika kasuwar Alaba a Legas, ko su duba shafukan saye da sayarwa na intanet. A duk inda za a saya, a je da jitar mutum, da kebul ɗinsa, da hedifon ɗinsa. A kunna akwatin a saurare shi shiru tukuna, ba tare da an kaɗa komai ba. A murɗa kowane maɓalli daga farko zuwa ƙarshe: ƙarar ƙwarzane alama ce ta ƙura, wadda hunturu ke cusawa, kuma ana wanke ta da feshin goge mahaɗan lantarki, amma maɓallin da ke yanke sauti gaba ɗaya ya mutu. A girgiza kan kebul a cikin raminsa a ji ko sauti na ɗaukewa. A bar ta a kunne minti 15, domin wasu larurorin sai ta yi zafi suke bayyana. Idan da cajarta ta waje take aiki, a tabbatar ta asali ce, saboda caja mai bolt daidai amma mai juyayyen kai tana lalata na'ura. Sunan kamfani a fuskar akwati ba hujja ba ne, tunda akwai jabu. Lambar ƙira da ke baya da rasit mai sharaɗin mayarwa sun fi shi amfani. Biyan kuɗi gaba ɗaya ga wanda ba a sani ba a intanet kafin a ga kaya, hanya ce da mutane da yawa suka yi kuka da ita.

Mai jitar bes ya nemi amfilifayar bes. Tsirkiyarsa mafi kauri tana girgiza sau 41 a daƙiƙa, rabin ta jita mai sau 82, kuma ƙaramar sifikar jita takan yage idan aka matsa mata da wannan nauyi. Jitar katako mai ramin kebul ita ma tana son akwati mai fitar da sauti yadda ya shigo.

Tambayar da ta rage ita ce ta wanda kuɗinsa na akwati ɗaya ne, kuma yana so ya yi atisaye da shi a gida, ya kuma kai shi majami'a ran Lahadi ko wurin biki ran Asabar. Idan zai tsaya kusa da mai ganguna ba tare da wani tallafi ba, ƙananan masu batir ba za su ji kansu ba, sai mai wat 50 da sifika inci 12 wadda ke da maɓallin rage ƙarfi da ramin kunne. Idan kuwa wurin yana da na'urar haɗa sauti da manyan sifikoki, kamar yadda majami'u da yawa a Kafanchan da Zonkwa suke da su, ƙaramar amfilifaya mai ramin fitar da sauti ta wadatar: a ja kebul daga nan zuwa na'urar, manyan sifikoki su ɗauki nauyin jama'a, ita kuma ta zauna a gaban makaɗi don ya ji kansa. A mafi yawan ƙananan akwatuna, cusa kebul a ramin kunne yana kashe sifikar ciki, saboda haka wannan ma yana cikin abubuwan da za a gwada tun a shago.